Ranar da Na Danna Ƙirjin Surukina

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na ceto ran mutumin da lafiyarsa ƙalau ba.

Lokacin ina shekarar farko a digiri na biyu, fannin jinyar marasa lafiyan da ke tsakanin rai da mutuwa. A satin muka yi jarrabawar farfaɗo da wanda zuciyarsa ta tsaya, a kan wani mutum-mutumin roba, na kuwa fi kowa maki. Kaina ya kumbura. Ko a mota nake sai in riƙa leƙen fasinjoji ko wani zai sume in gwada hannuna (Allah ya yafe mini).

Matsalata ɗaya, surukina, mahaifin maigidana, da ke Ƙafin Maiyaki. Ya ce karatun ya isa haka, in dawo aiki Kiru kusa da yarana. Maigidan kuwa ba ya tsallake maganar Baba. Sai muka shirya mu je mu roƙe shi ya bar ni in ƙarasa shekarar da ta rage. Na zumbula hijabi har ƙasa, na yi ta bitar durƙuso. Ku sani, tun da aka kawo ni gidan ban taɓa haɗa ido da Baba ba, balle in ambaci sunansa. Ɗana ma da ya ci sunansa, Abba nake ce masa.

Mun isa bayan azahar, maigidan ya tsaya gaisawa a ƙofar gida, ni na shige. Sai ga Baba kwance a tabarma gindin darbejiya, baki buɗe, hannu a yashe, carbi a ƙasa. Inna, uwar mijina, ta ce ai tun da ya dawo daga gonar rani bai motsa ba. Ita gajiya take nufi. Ni kuwa na ga aiki ya samu.

An koya mana ka girgiza kafaɗar mutum, ka kira sunansa da ƙarfi. Na yar da jaka, na cafki kafaɗun surukina na jijjiga, na ƙwala masa kira: "Sabi'u! Sabi'u, kana ji na?"

Faifai ya suɓuce daga hannun Inna. Ko jijiyar wuyansa ban tsaya taɓawa ba (abin da aka fi jaddada mana a darasin!), na haɗa hannuwa na hau danna ƙirji da iya ƙarfina. Baba ya zabura da salati, muka yi ido biyu, hancina dab da nasa. Daidai nan maigidan ya yi sallama.

Wallahi ban san da wace ƙafa na shiga ɗakin Inna ba. Na lafe bayan gado, ina jiyo ta tana dariya har da tari. Na ce shi ke nan, karatu ya tafi, auren ma sai addu'a.

Da la'asar na jiyo Baba ta taga yana yi wa ɗansa magana, yana nishi: "Ka mayar da ita ta ƙarasa. Rabin karatun ke nan ta kusa karya mini haƙarƙari. Wataƙila a shekara ta biyu ake koya musu bambanta mai barci da gawa."

Na ƙarasa kuwa. Yanzu duk ɗalibar da aka haɗa ni da ita, abin da nake fara gaya mata shi ne ta tabbatar mutum na buƙatar ceto kafin ta cece shi. Baba kuma, in ya ji labarin zuwana, ko barci na ɗibarsa a zaune nake samunsa.