Jikan Sarkin Baka da Baƙin Tabarau

Ba zan taɓa mantawa da yammacin da na riƙe bindiga a gaban mutumin da nake fatan ya zama surukina ba. Ko yanzu da nake ba ku labarin nan, ji nake kamar in ja bargo in rufe kaina.

Ni mutumin Katsina ne, ina gyaran iyakwandishan a wani otal a unguwar Jarwal, a Makka. Tun ina firamare idona ba ya ganin nesa, tabarau nake sawa mai kauri kamar gindin kwalba. "Mai ido huɗu" shi ne sunana har na gama sakandare. In na cire shi, duk abin da ya wuce tsawon hannuna ya zama hayaƙi-hayaƙi. Mutum da firji duk ɗaya ne a wurina, sai in ɗaya ya yi magana.

To, sai ga Sumayya. 'Yar Baba Hamza ce, mai shagon turare a Kudai. Kakanninsa ne suka taso daga ƙasar Hausa a ƙafa, suka bi ta Sudan, shi kuwa a nan Makka aka haife shi. Matar wani abokin aikina ce ta haɗa mu. Ranar farko da zan shiga gidansu, ina bakin ƙofa, sai zuciya ta raya min cewa yarinya 'yar Makka ba za ta so mai gindin kwalba a fuska ba. Na cire tabarau na jefa a aljihu. Daga ranar abin ya zama ƙa'ida: in na zo ƙofar gidan, takalmi a ƙasa, tabarau a aljihu.

Kuma ba wanda ya gane. Kun san yadda aka rene mu, ba a kallon fuskar suruki. Ina shiga falo zan durƙusa can nesa, kaina a sunkuye, idona a kan darduma. Har Baba Hamza yana yabona wai yaron nan akwai kunya. (Kunya kam akwai, amma rabinta rashin gani ne.) Sumayya ma daga can ƙarshen falon take zama kusa da mahaifiyarta, mu yi hira sama-sama, sauran mu ƙarasa a waya.

Ina sonta, ba wasa ba. Ita ma ta amince. Baba ne kaɗai bai ce e ba, bai ce a'a ba, kullum maganarsa ɗaya: "Bari mu ga hali tukuna." Ni kuwa na ƙagu in nuna halin nan, ko da aro ne.

Wata rana ya tambaye ni asalinmu. Na ce kakana shi ne Sarkin Bakan garinmu, shugaban maharba. Wannan gaskiya ne, Allah ya jiƙansa. Abin da ban ƙara ba shi ne ni ko danƙo ban taɓa harbawa na samu ba, kuma in za a yanka kaza a gidanmu sai in ƙirƙiri aike. Amma na ji yadda tsohon ya gyara zama.

"Allahu Akbar! Ashe jinin maharba ne a gidana!"

Da mai hankali ne da nan ya tsaya. Ni sai na ƙara gishiri. "Ai Baba, mu a gidanmu yaro kafin ya iya tafiya ya iya saiti."

Faisal, yayan Sumayya, yana gefe yana danna waya. Shi Hausarsa rabi Larabci ce. Ya ɗago ya ce, "Halas, Jumu'a mu tafi tare." Ya yi min bayani wai akwai wani filin harbi a bayan gari, ta hanyar Jidda, can bayan an fita iyakar Harami. Inji ne yake wurga ƙananan farantai na yumɓu masu ruwan lemo zuwa sama, kai kuma ka harbe su kafin su sauka. Shi da Baba sun daɗe suna zuwa.

"Ka zo da nazzara," ya ce, "tabarau na kariya. Faranti in ya fashe, ɓarɓashi yana dawowa fuska. In ba ka da shi akwai a can."

Tabarau na kariya! Ni abin da kunnena ya ji kawai shi ne an ba ni izinin yin ado. Washegari na shiga rumfunan Jarwal inda alhazai suke sayen tsarabar yara, na zaɓi wani baƙi wuluk mai ƙyalli, da ruwan zinare a gefe. Na kai hancina jikin madubi na duba. Wallahi na yi kyau. Na kwana ina gwada yadda zan ɗaga gira.

Mun isa filin bayan La'asar. Fili ne fetal, baƙaƙen duwatsu sun kewaye shi, rana ta fara jingina da su. Mai kula da wurin ya karɓi tabarauna na tsaraba, ya ɗan matsa shi da yatsu biyu, ya yi ƙara ƙas. Ya faɗi wata magana da Larabci, Faisal ya fassara yana danne dariya: wai wannan in ɓarɓashi ya same shi, shi ma fashewa zai yi ya taya ɓarɓashin shiga ido. Ya ajiye min shi gefe, ya kawo tire cike da nasu. Akwai fari tas, akwai rawaya, akwai mai ruwan goro, akwai baƙi. Sai wani ƙato a ƙarshe, mai faɗi kamar na masu walda.

Baba Hamza ya sa hannu ya ɗauki rawaya. "Ɗauki irin wannan, ya waladi. Rana ta kusa faɗawa bayan dutse, shi yake ƙara haske, ya fito maka da farantin. Baƙi na tsakar rana ne."

Mai kula da wurin ya ɗaga ƙaton nan ya tambaye ni ko ina sa tabarau na likita. In ina sawa, wannan a kansa ake ɗorawa, ba sai na cire nawa ba.

Jama'a, ku duba ƙofar da Allah ya buɗe min. Tabarauna yana aljihun gaba, ina jin nauyinsa a ƙirjina. Kalma ɗaya zan faɗa, "e", shi ke nan. Na dubi ƙaton abin nan, na hango kaina a ciki, ido shida a gaban suruki. Sai na yi dariya har da tafa hannu.

"Ni? Tabarau na likita? Haba dai!"

Na miƙa hannu na ɗauki baƙin, wanda ya fi kowanne duhu, don shi ya fi kama da na tsarabata.

"Zai yi maka duhu fa," in ji Baba.

"Baba, mu da muke farauta a duhun daji?"



Ina sa shi duniya ta ɗauke. Da ma ba gani nake ba, ga shi na ƙara labule. Faisal ya fara harbi, Baba ya biyo baya. Ni dai in na ji ƙara, na ji an ce "Masha Allah", sai in ce "Masha Allah" da ƙarfi, in gyaɗa kai irin na wanda ya san aiki. (Sau ɗaya na faɗa ni kaɗai, ashe Faisal kuskure ya yi.)

Aka zo kaina. Mai kula da wurin ya ɗora min bindiga mai baki biyu, ya nuna min yadda zan kafa gindinta a kafaɗa, ya ce in na shirya in yi kira a sako faranti. Na gyaɗa kai kamar tuni yake min. Na yi kira. Na ji injin ya yi fat, ban ga komai ba, na danna kunama. Bindigar ta tokare ni a kafaɗa har haƙorana suka haɗu.

"Iska ce," na ce.

Ko ganye ba ya motsi a wurin. Na sake, na sake. Gumi ya fara bin bayana. Ina jin shirun Baba a ƙeyata, ina jin Sumayya tana sulɓe min. Na ce a raina, ya Allah ko ɗaya ne, ko ɗaya.

Aka sake ɗura min. Na yi kira, sai ga wani abu baƙi ya gilma ta hagu, ya fi na baya girma, kuma ba ya sauri. Na gan shi! Karo na farko a yinin nan na ga wani abu. Na bi shi da bakin bindiga na danna. Abin ya tsaya cak a sama, ya faɗo.

Ban san lokacin da kirarin kakana ya kufce min ba. "Sai ni jikan Sarkin Baka! Sai ni dodon dawa! Ko gobe a sako!" Na juyo gaba ɗaya don in ga fuskar Baba, bindiga a hannu, bakinta ɗaya da harsashi a ciki, yatsana a kan kunama.

Mai kula da wurin ya yi tsalle ya bangaje bakin bindigar sama, ya fizge ta yana ihu da Larabci. Na ji Faisal ya zube ƙasa. Ashe saitin ƙirjinsa na juya ta.

Wani abu mai laushi ya sauko a hankali ya manne min a leɓe. Na cire, na kai shi kusa da ido. Gashin tsuntsu ne.

Faisal ya tashi yana kaɗe jallabiya. "Ya akhi, tantabara ce. Tantabara ka kashe. Faranti ga shi can ya sauka lafiya lau."

Wanda bai zauna a Makka ba ba zai gane nauyin wannan ba. Mutanen garin nan sun tashi suna ganin tantabara tana yawo tsakanin ƙafafunsu ba mai ko korarta. Gaskiya muna wajen iyakar Harami, amma zuciyar ɗan Makka ba ta san wannan iyaka ba. Baba ya je da kansa ya ɗauko ta, ya riƙe a tafin hannu.

"Ka yi bismillah kafin ka harba?"

"A'a, Baba."

"To ko ci ba za a yi ba. Mushe ce."

Ya matso ya zare baƙin tabarau daga fuskata, ya kara a tasa. "La haula. Ai a nan ciki an yi Magariba." Sannan ya nuna wani wuri da hannu. "Karanta min abin da aka rubuta a allon can."

Ni ban ma san akwai allo ba. Na sa hannu a aljihu, a hankali, na ciro gindin kwalbata na sa.

A lokacin ne na fara ganin fuskar Baba Hamza. Wata da watanni ina shiga gidansa, ina cin abincinsa, ban taɓa ganinta ba. Idonsa na hagu fari ne fat, a mace. Na tsaya ina kallonsa baki buɗe, duk ladabin da aka koya min ya gudu.

"Kalle shi da kyau," ya ce. "Ɓarɓashin faranti ne. Ranar na bar nawa tabarau a mota, wai zafi ya dame ni. Ni ido ɗaya gare ni, ban taɓa ɓoye wa kowa ba. Kai Allah ya ba ka biyu, likita ya ƙara maka biyu, ka zuba su a aljihu, ka ɗauki bindiga ka nuna ɗana."

Bai ɗaga murya ba. Da ma ya zage ni, da ma ya mare ni, da na fi samun sauƙi. Kunyar da na ji a wurin nan ban taɓa jin irinta ba tun da uwata ta haife ni.

A hanyar dawowa ina kujerar baya, tantabarar tana cikin leda a kan cinyata, don ban san inda zan ajiye ta ba kuma ba wanda ya ce in ajiye. Da ma an shirya za mu wuce gida cin abinci, Sumayya ta koyi tuƙa tuwon shinkafa saboda ni. A tashar motocin Kudai Faisal ya taka birki, ya ce, "Ma'assalama."

Washegari da hantsi ina kan rufin otal ina kwance wata na'ura, saƙon muryarta ya shigo. Ta ce Baba bai hana ba, ya ce ya bar mata zaɓi. Ta ce maganar tantabara da ta Faisal duk ta ji, amma ita tambaya ɗaya gare ta.

"Duk ranakun da kake kirana kana cewa murmushina ya hana ka barci, me kake gani daga inda kake zaune?"

Na ɗauki amsa na goge, na ɗauka na goge. Ƙarya ta riga ta ƙare min, sai na faɗi gaskiya. Na ce inuwa nake gani, mai daɗin murya.

Da amsar ta zo, gajeriya ce. Ta ce ita ba ta taɓa ƙin mai tabarau ba, a gidan mai ido ɗaya ta tashi. Abin da ba za ta iya ba shi ne zama da mutumin da ya gwammace kada ya gan ta a kan ita ta gan shi yadda yake. Ta yi min fatan alheri.

Na zauna a tsakanin injinan nan masu hura zafi na yi kuka sosai, ba zan ɓoye muku ba. Har yau in aiki ya kai ni Kudai, ta bayan layi nake zagayawa.

Don haka in an taɓa miƙo muku tire an ce ku zaɓi tabarau, ku ɗauki wanda za ku gani da shi, ko da ya mai da ku kamar mai walda. Wanda za a gan ku da shi ba ya tare komai. Ni dai yanzu ko wanka zan shiga, sai ruwa ya sauka a gilashin nake tunawa ban cire ba.