Kwamfutar Mamuda Mai Gane Ɓarawo

Kun san Mamuda Na-Abuja? Kwas ɗin kwana uku kacal ya je a kan nazarin halayen masu laifi, ya dawo da kwamfuta a hammata, shi ke nan ya hana kasuwarmu sakat. Kowa ya gifta sai ya ƙanƙance ido ya ce, "Wannan tun yarinta yake da matsala." Mtsw!

Ana haka sata ta addabi layin masu waya. Alhaji Isiyaku, shugaban kasuwa, ya ce duk wanda ya gano ɓarawon shi za a ba shugabancin tsaro. Abin nema ya samu, matar ɗan sanda ta haifi ɓarawo! Mamuda ya tattaro bayanan ɓarayi ɗari biyu da aka taɓa kamawa, ya ɗura wa kwamfuta, ya tara jama'a.

Ƙwas, ƙwas, ƙwas, ya danna. "Alƙaluma ba sa ƙarya. Ɓarawonku ɗan ashirin ne zuwa ashirin da biyar, askin gayu, matsattsen wando. Wanda ya haura sittin kuwa, sifiri!"

Ladidi mai abinci ta ce, "Ai waɗanda aka kama ke nan. Waɗanda ba a kama ba fa?"

"Ke, tsaya ga tukunyarki. Ilimi ake yi."

Sai aka kira azahar. Wani saurayi mai askin gayu ya ce, "Kawo in riƙe maka jakar kwamfutar, ka yi alwala."

Mamuda ya daka tsalle baya. "Kai? Kashi casa'in cikin ɗari!"

Ya waiga, ya ga wani dattijo baƙo, farin gemu fat, carbi har gwiwa. "Baba, riƙe mini."

"To, ɗana. Allah ya yi albarka."

Ya wanke ƙafar hagu, ya juyo. Wayam! Ba Baba, ba jaka.

Gogan naku ya ruga wurin shugaba, ƙafa ba takalmi, yana haki. "Alhaji, an sace! Wallahi tsoho ne, ya kai saba'in!"

Alhaji Isiyaku ya dube shi sama da ƙasa. "Tsoho? Ba kai ka ce sifiri ba?"

"Sai... sai an gyara lissafin."

Ladidi ta leƙo da ludayi a hannu. "To gyara mana, Malam. Da wace kwamfutar?"