An Kashe Kaka Kande a Salula

"Lafiya lau, angon da ya kashe matarsa. Ta'aziyya ka zo, ko rabon gado?"

Haka Kaka Kande ta amsa gaisuwata, tana toya ƙuli-ƙuli a zauren gidanta da ke unguwar Birni. Shekaranjiya wani ya kira ni, ya ce daga buro yake, wato ofishin ɗaukar ma'aikata, in karanto masa lambar da za ta shigo salulata. Na karanto. Kafin la'asar ya ƙwace Watsap ɗina, ya sanar da dangi da sunana cewa Kaka ta rasu, a turo gudummawar jana'iza. Kawu Illa na Hamdara, wanda fari ya ƙone masa gero bana, ya sayar da tunkiyar da ta rage masa ya tura. Yanzu da ya ji tana raye, yana hanya, ya kuma rantse ni na ci kuɗin.

"Ke ai ko mutuwa ba ta son ki," na ce. "Ta leƙo ta ga ba haƙori, ta juya."

"Gara ni, haƙori na rasa. Kai da diplom ɗinka, murya kawai ka ji ka miƙa makullin ɗaki. Ko akuya sai ta ga dusa take bin mutum."

Na ce mutumin ya iya faransanci ƙwarai. Ta ce aku ma ya iya magana. Ta ƙara da cewa tun ranar ko ƙwaya ba ta sayar ba, masu shagunan da take kai wa sun koma wajen Delu mai ƙuli-ƙuli, don ba a ciniki da gawa. Wata ma da ta gan ta a famfo, bokiti ta yar ta ruga.

"Wannan ba sabo ba ne, tun kina da rai ake gudun ki."

"Kai kuma kana da rai aka ci gadonka. Kowa ya hau motar kwaɗayi, ka san tashar da zai sauka."

"Aiki na nema, tsohuwa, don in sake miki zane."

"To ga shi ka saya mini likkafani."

Na durƙusa na ce mata Kawu ba zai saurari kowa ba sai ita da ta haife shi. In ta yi shiru, na zama ɓarawo a dangi ke nan har abada.

Ta juya ƙuli-ƙulin da ke kasko.

"Zan gaya masa gaskiya," ta ce.

"Wace gaskiyar?"

"Cewa sata sai mai wayo, Sha'ibu. Duk Damagaram ba alƙalin da zai yarda ka iya."

Ta tuntsire da dariya, ta turo mini faranti da zafinsa.

"Ci. Sadakar ukuna ce."