Ranar Da Na Je Koya Wa 'Yan Canjin Jibiya Aika Kuɗi

Ba zan taɓa mantawa ba, ko tsufa ya cinye ni, da ranar da aka tura ni garinmu Jibiya in wayar wa 'yan kasuwa kai kan aika kuɗi ta waya. Lokacin ina sabon ma'aikaci a babban banki, ga shi an rufe iyaka da Nijar. Na iso cikin kwat (a zafin Jibiya, Allah ya shirye ni), katin aiki rataye a wuya, don kowa ya san ɗan Malam Iro ya zama wani abu.

Aka tara mini 'yan canji da dillalan hatsi a rumfa, na yi ta zuba: zamanin lalita ya wuce, yanzu da yatsa ɗaya kuɗi zai je ko'ina a duniya. Kawu Sale, ƙanen mahaifiyata da ya tsufa a canjin sefa, kuɗin Nijar, yana gefe yana cin goro.

Sai wata dattijuwa mai ƙuli-ƙuli ta matso. Ɗiyarta na kwance a asibitin Maraɗi, ana jiran kuɗin magani a ranar, ita kuma ba halin tsallakawa. Ta kwance bakin zane ta miƙo mini kuɗin, ta ce tunda na ce ko'ina, in taimaka mata.

Na karɓa ina fara'a, har da ɗaga waya sama kowa ya gani. Na latsa, ta ƙi. Na sake, ta ƙi. A na uku na tuna an dakatar da tura kuɗi Nijar, kuma takardar umarnin ni na raba ta da hannuna a ofis. Gumi ya karyo mini. Baiwar Allah tana tsaye tana kallon bakina.

Kawu ya karɓi kuɗin daga hannuna, ya zaro 'yar wayarsa mai ɗaure da roba, ya kira abokin cinikinsa na Maraɗi.

"Alhaji, ɗiyar mutanenmu na asibiti. A kai mata kuɗɗin magani yanzu-yanzu."

Kafin la'asar yarinyar ta bugo, saƙo ya isa. Kawu ya dafa kafaɗata ya ce, "Ɗan nan, in naku bankin ya buɗe, ka faɗa muna."

Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba, ban kuma taɓa alfahari da mutanenmu kamar ranar ba. Na gane ana iya rufe iyaka a toshe layi, amanar ɗan Jibiya da ɗan Maraɗi kuwa ba ta jiran sa hannun kowa.

A rahoton da na kai ofis na rubuta cewa an wayar da kai sosai. Ban dai faɗi kan wa ba.