Tukwanen Donka

"…lafiya lau, tunda ban mutu na bar miki hulata ba," in ji tsoho Zahari, yana haki a bakin ƙofa. Hawa benen gidan jikarsa a birnin Plovdiv ba aikin ɗan shekara tamanin ba ne, amma tun rasuwar matarsa Donka zaman ɗaki ya gagare shi.

Jikarsa Nevena ta jawo masa kujera. Sana'arta zana gine-gine a kwamfuta, su fito kamar an ɗauke su hoto tun ba a aza tubali ba. Gobe ne sadakar arba'in ta kakarta, kuma da an gama rabon dafaffiyar alkama kawunnanta za su yanke shawarar sayar da gidan ƙauye da rufinsa ya rufta. Zahari ba ya so, ba shi kuma da ƙarfin hanawa. Dabarar da ta rage musu ita ce a nuna wa 'ya'yan kicin ɗin uwarsu yadda zai koma in an gyara, ko zuciyarsu ta karaya.

"Ina hoton, shugabar malalata?"

"Ga shi, Diyado," ta ce, wato kaka namiji a yarensu. "Sa tabarau, kada ka gaishe da firij irin na rannan."

Ya sa. Ga murhu, ga taga, ga 'yar fitilar mai da Donka ke kunnawa gaban hoton Maryamu mai tsarki, ga tukwanen tagulla jere a bango. Sai dai ko'ina fararen ɗigo-ɗigo ne masu ƙyalli, kamar an watsa gishiri.

"Ke! Ƙyanda kika sa wa kicin ɗin matata?"

"Idonka ne. Ai tun zamanin mulkin Turkawa yake aiki."

"Idon nan ya hango kakarki daga ƙetaren kogi, ja'ira. Goge su."

"Na goge, hoton ya dagule. Na ƙara wa na'urar lokaci, suna nan daram." Ta nuna da yatsa. "Fitilar ƙarama ce, ga haske mai kaifi. In ya bugi tukwanen nan masu sheƙi sai ya tarwatse, na'urar ta rasa lissafinsa. Bari kawai in kashe fitilar."

"Ki kashe me?" Muryarsa ta sauya. "Ko daren da aka haifi uwarki wutarta ba ta mutu ba. In kawunki Lyuben ya duba bai ga fitilar nan ba, gidan wasu ya gani, gobe zai sa hannu a sayar."

Nevena ma kewar tsohuwar na cin ta, ba ta dai iya faɗa ba sai da tsokana.

"To saura tukwanen. Wa ya ce mini suna sheƙi kamar madubi?"

"Ni."

"Wa ya ce a jikinsu yake duba fuska in zai aske gemu?"

"Ni ne. Har maƙwabta kan zo duba fuska."

"Diyado, na ci wake a kicin ɗin nan. Fuskar da na taɓa gani a jikin tukunya, ta baƙin hayaƙi ce."

"Ke da a lokacin ko tsawon teburi ba ki kai ba, me kika gani?"

"Ko fitila ko sheƙi, ɗaya za ka zaɓa, tsoho mai ran ƙarfe."

Zahari ya daɗe yana murza hularsa. Tunda aka binne Donka yake ƙara mata kyau a bakinsa, har ta kusa zama wata matar da bai taɓa aura ba.

"Rage sheƙin," ya ce a hankali. "Ƙara ragewa. Sa baƙi a gindin babbar. Kakarki ta tsani wankin tukunya, ta ce wanda ya ci shi zai goge."

"Kai kuma ka goge?"

"Ni kuma na tsani a ba ni umarni."

Nevena ta dusashe tagullar, ta sake sakin na'urar. Hoton ya riƙa fitowa sannu sannu, babu ɗigo ko ɗaya. Hasken fitilar ya kwanta a bango ja-ja, tukwanen sun yi duhu yadda suke. Tsohon ya matso har hancinsa na neman taɓa allon, hawaye na bin gemunsa.

"Yanzu kam Lyuben zai ji ƙaurin waken da take ƙonawa," ya ce, sai dariya ta ƙwace masa.

Ya laluba aljihun kwat ya ciro 'yar butar kofin Donka, baƙa ƙirin, ya dire mata a kan teburi.

"Kin ci ni, 'yar nema. Riƙe, taki ce. Amma in kika kuskura kika wanke ta, ba ni ba ke."