Rasuwar Tin, Obin Ɗin da Gyara Ya Kashe

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, wadda kuma har yau ba ta huce ba, Maman Tattabara tana sanar da 'yan uwa, maƙwabta da abokan arziki rasuwar ɗan obin ɗinta, wato na'urar gashi ta lantarki, mai zama a kan kantar kicin, wanda duk gidan suka fi sani da Tin. Ya rasu da hantsin Asabar ɗin da ta wuce, yana tsakiyar aiki, da dankalin yarinya a cikinsa. Tana so a sani tun daga farko cewa marigayin bai kai shekarun mutuwa ba. Hannu aka sa masa, kuma mai hannun yana nan da ransa, kullum yana buɗe shago a bakin layi.

Marigayin ya shigo gidan nan ne a makon da aka haifi Tattabara, 'yarta tilo, wadda aka laƙaba wa wannan suna saboda yadda take tafiya tana kaɗa kai. Yayar Maman Tattabara ce ta kawo shi a kwali, ta ce mai jego ba ta da ƙarfin tsayuwa gaban murhu. Girmansa bai wuce a rungume shi da hannu biyu ba. Yana da ƙofar gilashi, da maɓallai na murɗawa, da 'yar fanka a ciki mai zagaya zafi don kada gefe guda ya ƙone alhali ɗaya gefen yana ɗanye.

Duk wanda ya zauna da shi zai shaide shi da alheri. Bai taɓa ƙona burodi da gangan ba. Ya gasa kifi bai cika gida da hayaƙi ba, ya ɗumama ragowar abinci bai taɓa tona wa uwar gida asiri cewa na jiya ne ba. Kek ɗin farko da Maman Tattabara ta yi ya tashi har dangin miji suka zaci sayowa aka yi, a cikinsa aka yi shi, kuma bai nemi a ambaci sunansa ba. Ba shi da yawan magana. In an kunna shi, fankarsa ta ce huuuu a hankali, agogonsa ya bi da ƙis-ƙis-ƙis, in ya gama ya ce tin, sau ɗaya tak, ya yi shiru. Daga nan ya samo sunansa, domin yarinyar ta iya cewa tin tun kafin ta iya cewa Mama. Uwar ta ɗan ji kishi a lokacin, amma ta yafe masa.

Babban halinsa na kirki, wanda shi ne ya ja masa ajali, shi ne ya san iyakarsa. In zafi ya yi masa yawa, sai a ji ƙas, ya ɗauke wutarsa da kansa, ya zauna ya huce, sannan ya yarda a sake kunna shi. A hannun Maman Tattabara da ƙyar ya taɓa yin haka, don ta ba shi haƙƙinsa na zama: fili a bayansa, fili a gefensa, ba a ɗora masa komai a ka, kuma kullum sai ta zare tiren ƙasa ta kakkaɓe ɓurɓushi. Ta kwantar da hankalinta a kansa, don ta san ko ita ta shagala da yarinya, shi ba zai shagala ba.

Jinyar ƙarya ta fara ne lokacin da Maman Tattabara ta ɗauki 'yarta ta tafi jinyar mahaifiyarta, ta bar marigayin amana a hannun maigida. Maigida mutumin kirki ne, ba za a ce komai a kan wannan ba, sai dai kicin a wurinsa ɗaki ne da ake shiga a fito da abinci. Ya sayo wata ƙatuwar butar lantarki, ya rasa inda zai ajiye ta, sai ya tura Tin can lungu, bayansa manne da bango, ya jibga masa robobi da ledar burodi a ka. Marigayin ya yi abin da duk mai hankali zai yi in an toshe masa hanci: ya ce ƙas, ya ɗauke. Aka kunna, ya sake ɗaukewa. Maigida bai tambayi kowa ba, bai ko kira matarsa a waya ba, shi da ke kiranta don ta faɗa masa inda gishiri yake. Ya yanke hukunci cewa obin ba shi da lafiya, ya rungume shi ya kai wa abokinsa mai gyaran kayan wuta, wanda ake kira Injiniya, ko da yake har yau ba a gano makarantar da ta ba shi wannan suna ba.

Da Maman Tattabara ta dawo, ta fitar da marigayin daga lungu, ta mayar da shi mazauninsa, ta goge shi. A nan ta ga kusoshin bayansa sun ci duka, ɗaya ma ba tasa ba ce.

"Baban Tattabara, wa ya buɗe obin ɗin nan?"

"Ɗaukewa ya riƙa yi, na kai wa Injiniya ya ɗan taɓa shi."

"Me ya taɓa?"

"Ya ce ɗan datti ne. Ke dai ki gode, an yi miki gyara ba ki nan."

Ba ta gode ba, amma ta yarda da maganar datti, tunda daga bakin mijinta ta fito.

Ranar da abin zai faru, ta yanka dankali ta jera a tire, ta murɗa agogo, ta juya tana ɗauraye kofin yarinya. Tattabara ta zo ta tsaya a ƙasan kanta kamar yadda ta saba, ta ɗaga kai, tana jiran abokinta ya ce tin ta amsa masa. Abin da ya fara taɓa uwar shiru ne. Huuuu ɗin fanka ya ɗauke, ƙis-ƙis yana ta tafiya shi kaɗai. Ta dakata don ta ji ƙas, kamar yadda ya saba, ba ta ji ba. Sai wani wari kamar na robar da ta faɗa wuta. Ta waiga ta ga cikinsa ya yi jajir irin jan da bai taɓa yi ba, ta yar da kofi, ta fizgi yarinya da hannu ɗaya. Kalmarsa ta ƙarshe da ransa ita ce tas! Gilashin ƙofar ya tarwatse, ya zubo daidai inda fuskar Tattabara take a ɗage kafin a fizge ta. Ɓallin gilashi guda ɗaya ya sami bayan ƙafar yarinyar. Uwar ta fisge filogi daga bango, ta tura ƙafar ƙarƙashin famfo, yarinya tana ihu. Malamar asibiti ta ce zai warke, amma tabon zai zauna, kamar ƙwayar wake.

Bayan an dawo daga asibiti, yarinya ta yi barci, Maman Tattabara ta ɗauko sukudireba ta yi wa gawar bincike da hannunta. Ba ta ga datti ba. Ta ga wani gurbi fayau da ramukan kusa guda biyu, alamar akwai abin da ya zauna a wurin aka cire, ta kuma ga wayoyin da ya kamata su shiga cikinsa an murɗe su wuri guda an naɗe da baƙin salatif.

Ba ta ma sha wahalar neman bayani ba. Washegari Injiniya ya zo jaje da ƙafarsa, ya zauna a kujerar falo, ya sha ruwan sanyi, ya tambayi jikin yarinya, sannan ya gyara zama.

"Madam, ai wannan ba wani abu ba ne. Wani ɗan maɓalli ne matsoraci a ciki, da ya ji ɗumi sai ya yanke wuta. Na cire na yar. Masu ƙera kayan ne ke sawa don su raina mana hankali. Ni gida nawa na cire wa a layin nan? Tukunyar shinkafa, dutsen guga, buta, ba wanda ya dawo ya ce komai. A kawo shi gobe, gilashi kawai zan yanka masa, ya tashi garau."

Ƙanwar maigida, wadda ta zo duba yarinya da ɗanta mai rarrafe a cinya, ta yi caraf ta ce, "Matar yaya, in an gyara ba kya so, ni ina so." Maigida kuwa ya gyaɗa kai, ya ce ai ba a yar da kaya haka kawai.

Maman Tattabara ta dubi yaron mai rarrafe, ta dubi bandejin ƙafar 'yarta, ta tashi ta ɗauke kofin da Injiniya ya sha ruwa. Dalilin wannan sanarwa ke nan. Tin ya mutu, kuma ba za a tashe shi ba. Wanda aka cire wa hankali aka mayar wa mutane da sunansa, ba zai sake shiga kicin ɗin da yaro ke tsayawa ba, nata ko na wata.

Marigayin ya rasu ya bar tirensa, wanda dankalin ƙarshe ya manne masa har abada, da ragar gashi, da safar hannu mai kauri wadda ta yi masa hidima tun ranar farko kuma yanzu take rataye ba aikin yi. Ya bar maƙwabcinsa firji, wanda tun ranar yake gurnani shi kaɗai. Ya bar soket da baƙin tabo a fuska. Butar lantarki ba ta cikin masu makoki, don ita aka kawo aka kore shi daga wurinsa, kuma an ga yadda ta baje tun da ya tafi. Sama da kowa ya bar Tattabara, wadda a da in ta ji tin sai ta yi tsalle, yanzu kuwa ko cokali ne ya bugi kofi sai ta ruga ta ɓuya a bayan zanin uwarta.

Ana karɓar gaisuwa a gida, amma da sharaɗi. Duk wanda zai ce tsautsayi ne, ya riƙe gaisuwarsa. Maman Tattabara ta yarda da ƙaddara kamar kowa, sai dai ba ta taɓa jin ƙaddara ta murɗe waya ta naɗe da baƙin salatif ba. Duk wanda zai ce a yi haƙuri ai abokin maigida ne, ya je ya faɗa wa ƙafar yarinya. Wanda kuma yake da wani mai gyaran da ya fi wannan iyawa, an gode, ba a nema.

An riga an shirya gawar. Maman Tattabara ta datse wayarsa daga tushe da almakashi, ta zare sandunan wutarsa ta lanƙwashe su ɗaya bayan ɗaya, ta yadda ko masu ƙera shi suka zo ba su da abin da za su tasa. Mai sayen tsoffin ƙarafa ya yi alkawarin karɓar gangar jikin, ya kuma rantse zai bi ta da guduma a gabanta kafin ya ɗora a kura.

Kafin nan za a kai marigayin ziyarar bankwana. Za a tashi daga gida ranar Asabar mai zuwa da yamma, lokacin da mutane ke cika shagon Injiniya don karɓar kayansu. Maigida ne zai ɗauki gawar, a ƙafa, a rungume, ta hanyar da ya bi ya kai shi karon farko, kuma ya amince da hakan bayan doguwar tattaunawar da ba sai an kawo ta a nan ba. Ƙanwarsa za ta riƙe wayar nan mai baƙin salatif a kan faranti, ta yadda kowa zai gani. Tattabara ba za ta je ba, za ta zauna wurin yayar uwarta, don ta ga abin da ya ishe ta. Ana roƙon duk matar da Injiniya ya taɓa taɓa mata dutsen guga, buta ko tukunyar shinkafa, ta zare shi daga wuta tun yau, ta zo da shi ranar. Akwai sukudireba, za a buɗe a gaban kowa.

Abu ɗaya ne Maman Tattabara ta bar wa marigayin a jikinsa, wato agogonsa, wanda ashe ba ya buƙatar lantarki, murɗawa kawai yake so. In an isa, za ta ajiye shi a kan teburin Injiniya, ta murɗa agogon, ta koma gefe ta harɗe hannu. Daga ƙis-ƙis ɗin farko zuwa lokacin da Tin zai yi maganarsa ta ƙarshe, Injiniya yana da damar ya faɗi duk gidan da ya cire wa wannan maɓalli, da bakinsa, da ƙarfi, a gaban masu kayan. In Tin ya ce tin bai gama ba, Maman Tattabara za ta fara tata maganar, kuma ana sanar da shi tun yanzu cewa ita ba a ƙera ta da abin ɗaukewa in ta yi zafi ba.