Ranar da Komfutata Ta Kai Honorabul Shafin Ƙarshe

Ban taɓa zaton za a zarge ni da juyin mulki ba, sai ga shi an zarge ni a cikin ɗakina, ina zaune da singileti, kofin koko a hannu. Wanda ya zarge ni kuwa ba baƙo ba ne. Alhaji Kamaldeen ne, shugaban kwamitin layinmu a nan Zangon Kumasi, mutumin da muke tsayawa sahu ɗaya a masallaci tun gemunmu na baƙi. Laifina shi ne komfutata ta ɗauki hoton Honorabul, wakilinmu a majalisa, ta kai shi shafin ƙarshe. Bari in faro muku daga tushe, ku yi mana alƙalanci.

Duk wanda ya taɓa shiga layinmu ya san kwatarmu, wadda mu a nan muke ce wa gota. Ta raba gidajenmu da titi, baki buɗe, kuma gadar da muke da ita wani tsohon katako ne da ya fara ruɓewa. Mu masu sauran ƙarfi mukan yi bisimilla mu tsallake. Amma Mma Hamamatu mai koko, wadda mijinta ya rasu ya bar ta da jikoki da ciwon gwiwa, dole ta bi ta kan katakon nan kowace safiya da tukunya a ka, ta kai teburinta bakin titi. Ranar da ruwa ya tafi da katakon, ranar ba ciniki, kuma ranar ba a ɗora tukunyar tuwo a ɗakinta. Abin da muke roƙo bai taka kara ya karya ba: a rufe mana bakin gotar da siminti.

Mai Girma Honorabul, Uban Alƙawura, Garkuwar Talakawa a Lokacin Zaɓe, ya san da maganar. Allah ya ja zamaninsa, ya sha zuwa ya tsaya a bakin gotar, ya toshe hanci da farin hankici, ya ce an riga an sa ta a kasafi. Tana nan a kasafin har yau, ina jin wurin ya yi mata daɗi ne.

Da aka ce zai zo layinmu taron godiya, wato mu gode masa kan ayyukan da yake da niyyar yi, sai kwamiti ya ce a buga ɗan littafi a ba shi. A sa tarihin layi, a sa yabo, sannan a lallaɓa a saka hoton gota cike da ruwa, Mma Hamamatu tsaye a bakinta da tukunya, ko Allah zai sa idonsa ya faɗa kai. Aka ce wa zai shirya? Bakina, wanda bai taɓa shawara da ni ba, ya ce, "Ni."

Dalilin wannan ƙarfin hali shi ne wani malamin jami'a da muka zauna kujera ɗaya a trotro, wato motar haya, hanyar Oforikrom. Shi ya ba ni labarin wata manhajar tsara littafi, irin wadda masana ke amfani da ita. Ya ce kai dai ka zuba mata rubutu da hotuna, ita za ta jera shafuka tsaf kamar daga maɗaba'a suka fito. Ya ƙara da cewa kyauta ce. Daga nan ban sake jin sauran bayaninsa ba.

Da na gaya wa maƙwabcina Boukari, dillalin shanu, sai ya dube ni irin duban da yake wa saniyar da aka ce masa lafiyarta ƙalau.

"Kyauta? Mumuni, kai dai! Makaranta ma an ce kyauta ne, amma ni na sai da ɗan maraƙi. Wannan abin zai ci ka, wallahi."

Ya kuwa ci ni. Na sayi data na fara saukewa. Wani ɗan layi kore ya fito a allo yana tafiya, tafiyar da ko layin gidan mai ranar ƙarancin fetur ya fi ta sauri. Na yi azahar, na dawo, yana nan. Na yi la'asar, ya ɗan gusa. Yana dab da kaiwa ƙarshe sai masu wuta, Allah ya ƙara musu hasken kabari, suka ɗauke abinsu. Tsohuwar komfutata kuwa batirinta ya daɗe da yin ritaya. Da wuta ta dawo, layin ya koma farko, data kuma ta ce ga garinku nan.

Washegari na sake saye, na sake zama. Da ta gama sauka na ce alhamdu lillahi, ashe yanzu aka fara. Na danna a girka ta, sai ta ce kafin ta zauna sai na kawo mata wani ƙunshi. Na kawo. Shi kuma ƙunshin ya ce ba ya aiki sai da ƙaninsa. Ƙanin ya ce wanda na sauke tsohon yayi ne, in koma in ɗauko sabo. Nan take na ji kamar a gida nake, domin duk wanda ya taɓa zuwa neman takarda a ofis ya san wannan rawar: je ka tebur na gaba, mai tebur na gaba ya fita salla, dawo gobe da hoto. Bambancin kawai shi ne manhajar ba ta ce in sa wani abu a ambulan ba.

Matata Tayyiba ta leƙo ta ga na haɗa gumi.

"Malam, littafi kake bugawa ko fasfo kake nema?"

Na ce mata ta bar ni, aikin masana ne. Ta ce to, masana su zo su ci abinci kafin ya huce.

Sai aka zo saiti. Ta tambaye ni girman takarda, na faɗa. Ta tambayi faɗin gefe, na ƙiyasta. Ta tambayi irin harafin da nake so, na zaɓi wanda ya fi kama da na mutanen kirki. Na rubuta "Assalamu alaikum" don gwaji, na danna, sai ta amsa mini da jan rubutu cike da allo, wai na buɗe wani abu ban rufe ba. Raina ya ɓaci, amma fa in faɗi gaskiya, ta nuna mini daidai layin da na yi kuskuren. Na gyara, na sake dannawa, sai ga sallamata ta fito a farin shafi, kyakkyawa, har na ji kunyar rubutun hannuna. A shekaruna ban taɓa ganin ma'aikacin da zai ce maka ga abin da ya rage, ka kawo, kuma ya yi aikin a take ba. Na fara sonta.

To, ga inda rigima ta ɓullo. Ita wannan manhaja ba a jan hoto da hannu a ajiye inda ake so. Kai dai ka ce mata ga hoto, ita za ta duba inda ya dace da girmansa ta sa shi. In ya fi ƙarfin shafi, sai ta tura shi gaba, ta sake turawa, har ƙarshen littafi. Kuma tana da wata ɗabi'a: ba ta yarda wani hoto ya tsallake na gabansa. In na farko ya maƙale, duk na bayansa sai su tsaya jira.

Alhaji Kamaldeen ya aiko mini hoton Honorabul sanye da babbar rigar batakari, hannuwa a buɗe kamar zai rungume Kumasi gaba ɗaya, tare da umarnin cewa hoton ya zo farko, ya cika shafi har ya yi saura. Na bi umarni. Na danna. Shafin farko ya fito rubutu zalla. Na biyu haka. Na yi ta juyawa, sai can a ƙarshe, bayan addu'ar rufewa, na tarar da Mai Girma shi kaɗai. A bayansa kuma ga hoton gota da Mma Hamamatu, ga na masallaci, ga na 'yan kwamiti, duk sun yi layi.

A haka Alhaji ya shigo ya same ni da kofin kokona.

"Ei, Mumuni! Honorabul a baya? Bayan addu'a? Wa ya aike ka? Faɗa mini gaskiya, 'yan wancan fatin siyasa ne suka ba ka wannan komfuta?"

"Alhaji, ba ni ba ne. Ita ta ce ya yi girma."

"Ya yi girma! To da ƙarami ne? Gaya mishi wannan Honorabul ne. Komfuta bai san mutane ba koraa, ko kaɗan!"

Na ce zan gwada. Akwai wani umarni da ake rubuta mata mai nufin "a nan, dole." Na rubuta, na danna. Ta yi biyayya, ta sa shi a shafin farko, amma hularsa da idanunsa duk sun fita daga takarda, sai murmushi da tumbi suka rage. Alhaji ya dafe ƙirji ya nemi kujera. Boukari, wanda hayaniya ta jawo, ya leƙa allon ya ce shi dai a ganinsa hoton ya fi kama da mai shi yanzu.

Muna cikin haka Mma Hamamatu ta shigo karɓar kofinta. Ta tsaya tana kallon allon, ta ce a nuna mata nata hoton. Na mayar da littafin yadda yake da farko, na yi ta juyawa har ƙarshe, na nuna mata. Ta duba, sannan ta ce, "Ɗana, ko a cikin littafi ma ina bayanshi ina jira?"

Wallahi maganar ta soke ni. Ba ta faɗa da faɗa ba, tambaya kawai ta yi, ta ɗauki kofinta. Har Alhaji ya sunkuyar da kai yana gyara hular da ba ta karkace ba. Ni kuwa na ja komfuta gabana, na nemo inda aka rubuta girman hoton Mai Girma, na rage shi rabi. Na danna. Nan take komai ya warware. Honorabul ya dawo saman shafin farko, daidai girman ɗan Adam, a ƙarƙashinsa kuma, shafi ɗaya, ga gota cike da ruwa da tsohuwa da tukunyarta. Sauran hotunan kowa ya sami wurinsa. Ashe mutum ɗaya ne ya tare hanya.

Alhaji ya ce ba da yawunsa ba, amma lokaci ya ƙure, haka aka kai maɗaba'a a unguwar Adum aka buga.

Ranar taro an kafa rumfuna, an jero kujerun haya, an kawo masu kiɗa da lasifika, motocin rakiya sun cika titi har trotro ya rasa hanya. Abin da aka kashe a lemon kwalba kawai ya isa a rufe gotarmu a yi mata fenti. Aka miƙa wa Mai Girma littafi. Ya buɗe shafin farko, ya ƙura ido, ya daɗe. Zuciyata ta ce ya gani, yau Allah ya karɓi addu'ar Mma. Sai ya ɗago ya ce wa na kusa da shi, "Me ya sa hotona ya yi ƙarami?" Daga nan ya miƙe ya yi jawabi, ya ce kafin mako ya zagayo za mu ga aiki da idonmu.

Kuma ku shaida, wannan karon ya cika alƙawari. Ma'aikata suka zo da mota, suka kafa wani ƙaton allon ƙarfe a bakin gota, yana fuskantar titi. An rubuta aikin rufe magudanar ruwa na layin kaza, ga kuma hoton Mai Girma da batakarinsa, hannuwa a buɗe, wannan karon ba wanda ya rage shi. Simintin da aka ware don kafa ƙafafun allon, na ji an ce ya bi wata hanya, don haka suka tura ƙasa suka tattake, suka tafi. Gota kuwa ko kallonta ba su yi ba.

Shekaranjiya da la'asar aka yi ruwa da iska irin na Kumasi. Katakonmu ya yi sallama ya bi ruwa. Na tsaya a zaure ina tunanin Mma da tukunyarta, raina a jagule, sai na ji wata ƙara, rim! Allon ne ya faɗi ta baya, ya kwanta a kan gota daga wannan baki zuwa wancan, fuska sama. Ko da awo aka yi, iyakar abin da za a samu ke nan.

Jiya da safe na ga Mma Hamamatu ta fito da tukunya a ka. Ta tsaya a bakin allon, ta dubi fuskar da ke mata murmushi daga ƙasa, ta ce, "Gafara dai, Honorabul." Ta taka, ta wuce lafiya lau, ba ko girgiza. Jikokinta suka bi ta a guje. Boukari ya gwada da babur, ya dawo ya ce ƙarfen mai kyau ne, a nan dai ba a ci kuɗin ba.

Alhaji Kamaldeen ya zo da hantsi yana cewa a taru a ɗaga allon kafin labari ya kai sama. Duk layin kowa ya tuna yana da ciwon baya. Shi ma da ya gaji da magana, ta kan allon ya bi ya tafi kasuwa, sai dai ya cire takalmi.

Don haka ina roƙon manyanmu, don girman Allah, kada a turo kowa gyara. Tun da muka san Mai Girma, bai taɓa yi mana aiki kamar na kwanan nan ba, kuma mun gode. In hanya ta kawo ku layinmu shan koko, ku taka a hankali ta wajen hula, akwai santsi. Ta kan tumbin ya fi ƙwari.